Ranar da na raɗa wa mahauta arba'in suna ɗaya

Wallahi na sha wahala a kan takardar nan. Yini ɗaya ne tak, amma har yau in na tuna sai in ji kamar yanzu wayar ke ƙara.

Shekarun baya ne, lokacin da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka a Jos. Ina da ɗan shago kusa da Abattoir, wato mayanka: kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, da injin fotokwafi da sai an mare shi a gefe yake tashi. Ni ba ɗan boko ba ne, kada ma ku ɗauka. A aji biyu na sakandare na tsaya, buga rubutu kuma da yatsa biyu na koya. Turanci ina kwafarsa harafi-harafi ba kuskure, amma a ce in karanta takarda daga sama har ƙasa in gane abin da ta ce, nan ne ake samun matsala.

Shagon da ke jikin nawa na wani ɗan Ibo ne mai gyaran kwamfuta. Ina ce masa Injiniya, shi kuma yana ce mini Alhaji, alhali ko hanyar filin jirgi ban sani ba. Shi ya rubuta mini wani ɗan firogiram don ya rage mini aiki. A ciki akwai takardu shiryayyu da aka bar musu gurbin suna, mu muna kiransu uwar takarda. Ni dai in buga sunan mutum a wani ɗan akwati da ke sama, in danna, firogiram ya cusa sunan a gurbinsa, firinta ta fitar.

Abin yana aiki, sai dai nawa. Duk takarda ɗaya sai kwamfutar ta koma cikin faifanta ta karanto uwar daga farko, kana jin ta ƙirr, ƙirr, kamar tana niƙa. Kafin ta gama an ɗauke wuta. Na dame shi da mita har ya gaji, wata rana da la'asar ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce, "Alhaji, zan sa shi ya ɗauko uwar sau ɗaya, ya riƙe a kai. Ba zai koma faifai ba sai ka rufe. Amma hanya biyu ne. Ko duk lokaci ya yi maka kwafi daga wanda ya riƙe, ko ya nuna maka shi kai tsaye. Wannan kwamfuta naka ƙwaƙwalwansa kamar na kaza."

Na ce, "Wanne ya fi sauri?"

"Na biyun, amma..."

"To yi shi."

Ya ci gaba da magana. Na san ya ci gaba, don ina jin muryarsa. Ni kuwa ina ƙofar shago ina fama da igiyar janareto ina zaginsa. Abin da ya faɗa a lokacin ban ji ba sai bayan wata biyu, a ranar da ba ta da amfani.

A shekarun shingayen jami'an tsaro sun yi yawa a hanyoyin fita gari, kowa kuma a tsorace yake. Mahauta masu zuwa kasuwannin ƙauye sayen shanu suna shan tambaya, domin mahauci ba ya tafiya ba wuƙa da igiya. Sai wata ƙaramar ƙungiyarsu ta yanke shawarar a yi wa kowa takardar shaida da Turanci, mai sunansa, da sa hannun ciyaman ɗin ƙungiyar da hatimi. Mutum arba'in.

Abokina mahauci shi ya kawo mini aikin. Tare muka tashi a unguwar Congo-Russia, tare muka ci duka a makarantar allo, shi ya raka ni neman aure. Ciyaman ya so a kai wa wani babban shago a cikin gari, abokina ya miƙe a gaban taro ya ce a ba ni, shi ya tsaya mini.

Injiniya ya shigar mini da uwar takardar, ya tafi kasuwa neman kayan gyara. Ranar Talata ce. Aka kawo mini jerin sunaye a takardar makaranta, an jera su bisa shekaru, kamar yadda suke yin komai nasu. Na farko wani tsoho ne da ya fi kowa daɗewa a sana'ar, kowa Baba yake ce masa. Gwiwa ta hana shi tafiya tun tuni, ko mayanka sai a kan acaɓa yake zuwa, amma ba a isa a fara da wani ba shi ba.

Na buga sunansa a akwati, ya bayyana a saman takarda. Sai idona ya kai tsakiyar rubutun, na ga wasu taurari uku a jere a cikin layi. Ashe gurbi na biyu ne, firogiram yana cike shi da kansa lokacin bugawa. Ni ban sani ba, takardun da na saba yi gurbi ɗaya gare su. Na ce a raina Injiniya ya manta wani abu. Na goge taurarin, na buga sunan tsohon a wurin da hannuna, har ina jin daɗin kaina. Dama na saba gyara rubutu a kan allon kwamfutar tun da, kuma bai taɓa bin takarda ta gaba ba.

Daga nan sai gudu. Suna, danna. Suna, danna. Ko wace ta fito in duba sama, in ga sunan ya yi daidai da na jerin, in ajiye. Kafin azahar na gama arba'in. Ciyaman ya zo da hatiminsa, ya zauna a bencina yana sa hannu yana amsa waya, bai karanta ko ɗaya ba. Ya ce, "Kai, aikinka da sauri." Na ce ai kayan aiki ne na zamani.

Washegari da hantsi, ina cikin yi wa wata mata fotokwafin katin asibiti, wayata ta yi ƙara. Direban motar da su abokina suka shiga ne. Ya ce an tsare mutum uku a shinge a hanyar Bauchi, an sauke su, an fito da wuƙaƙensu an jera a ƙasa. Sai na ji an karɓi wayar.

"Kai." Abokina ne. Bai yi sallama ba. "Me ka rubuta mana?"

"Takardar shaida mana. Me ya faru?"

"Sun ce jabu ce. Sun ce ko wacce suna biyu ne a ciki. Mu uku, duk sunan Baba ne a tsakiya. Suna tambaya wane ne shi a cikinmu, kuma wa ya buga. Sun ce in motar ofishinsu ta zo da la'asar da mu za ta wuce."

Na buɗe baki, wayar ta yanke.

Matar nan tana ce mini, "Malam, katina," ni ban ma san katin yana hannuna ba. A wancan lokacin in aka ce an wuce da mutum ofis a kan takardar jabu, ga wuƙaƙe a mota, ba wanda zai ce maka ga ranar fitowarsa. Matar abokina na da tsohon ciki. Kuma ni na buga.

Na faɗa shagon Injiniya ba sallama. Yana cin doya da manja, ya ɗago.

"Firogiram ɗinka ya kashe ni."

Ya wanke hannu ya biyo ni. Ya kunna, ya buga wani suna, ya danna. Takarda ta fito. Ya sa yatsa a sama, ya sa a tsakiya. Suna ɗaya, daidai. Ya sake da wani sunan. Daidai. Ya sake har sau biyar.

"Alhaji, ba komai a nan fa."

"To ƙarya suke yi? Ƙarya sojan yake yi?"

"Ban ce ba. Amma ka gani da idonka."

Abu ya lalace jiya, yau ya ce shi lafiyarsa ƙalau. In na je na ce kwamfuta ce ta yi, a zo a gwada a ga ba ta yi, me ya rage? Ni ne na zauna na ƙirƙiri jabu ke nan. Na duba kwandon shara, Allah ya sa akwai guda ɗaya ta jiya da tawada ta ɓata na sake bugawa. Na warware ta na miƙa masa. Ya karanta, ya ja kujerar baya.

"Zauna. Yi mini abin da ka yi jiya. Duka. Kada ka bar ko tari."

Na zauna. Na buga sunan tsohon a akwati. Na gangara tsakiya, na sa alama a kan taurarin zan goge.

"Tsaya! Chineke! Me kake yi?"

"Gyara nake. Ka bar taurari."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Alhaji. Alhaji. Ba na faɗa maka ba? Ranar janareto? Na ce wanda kake gani a allo yanzu ba kwafi ba ne, uwar ne da kansa. Na ce kada ka taɓa ciki."

"Ai da ina taɓawa!"

"Da! Da duk takarda sabo yake ɗaukowa daga faifai, ka yi ɓarna a kai, ɓarna ya tafi da shi. Yanzu guda ɗaya ne a kansa, kuma shi yake nuna maka kullum. Ka goge gurbi, ka sa Baba. Na biyu ya zo, firogiram ya nemi gurbi bai gani ba, ya bar Baba. Na uku, Baba. Har arba'in. Da ka kashe da yamma ya manta komai, da safe ya ɗauko mai kyau. Shi ya sa yau yake mana fuskan mutumin kirki."

Na gane a take, kuma ganewar ta fi rashinta ciwo. Ni da nake yi wa mutane tsawa kullum in sun zo cike fom, ina cewa kada su rubuta a kan na asali, su bari in yi musu kwafi. Shekara nawa ina wannan faɗan. Ga shi na zauna na rubuta a kan na asali da yatsuna biyu, na buga arba'in.

Na ce, "Kai ma da laifinka. Ka ga ina fama da janareto."

Ya ce, "Na yarda. Bai kamata in bar ƙofa a buɗe don na ce maka kada ka shiga ba. Abeg, mu yi faɗa gobe. Matsa."

Ya buɗe cikin firogiram ɗin, rubutu birjik kamar tururuwa. Ya nuna mini layi ɗaya ya ce wannan ne ke miƙa mini kwatancen inda uwar take. Ya ƙara 'yan kalmomi, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ya ce yanzu uwar za ta zauna a ƙwaƙwalwa ba mai taɓa ta, duk takarda sai an ciro mata kwafinta. Ya sa na goge taurarin da gangan, na buga shirme, muka fitar da ta gaba. Ta fito da tsabta. Muka buga arba'in sababbi, yana karanta tsakiya ina karanta sama.

Saura sa hannu da hatimi. Na ruga mayanka, aka ce ciyaman ya kai nama gidan wani babban mutum a Rayfield, wayarsa kuma a kashe. Na naɗe takardun a leda biyu na cusa cikin riga, na hau acaɓa. Ruwa ya tsuge mana a hanya. Unguwar da ba ka ganin kowa sai katanga da bishiyoyi, gida uku na ƙwanƙwasa maigadi yana kallona kamar ɓarawo, kafin na hango motar ciyaman a na huɗu.

Da na gaya masa bai zage ni ba. Na so ya zage ni. Ya dai tsaya yana kallona ruwa na ɗiga daga hulata, ya ce, "Sauran talatin da bakwai ɗin fa?" Sai lokacin na tuna akwai wasu a hanya da irin takardar a aljihu. Ya kunna waya, yana tuƙi yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya samu ya ce masa kada ya nuna wa kowa, ya juyo gida. Muka biya ta gidansa ya ɗauki hatimi, ya sa hannu a kan uku a saman sitiyari.

Mun isa shingen ana kiran la'asar a wani ƙauye can gefe. Motar ofis ba ta zo ba. Na hango su uku a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, wuƙaƙe da igiyoyi a jere a kan buhu. Abokina ya ɗago ya gan ni, ya mayar da kansa ƙasa.

Babban wurin wani dogo ne mai furfura a gefen kai, ba mai hayaniya ba. Ya saurari ciyaman har ya gama, sannan ya ce, "Wa ya buga?"

Na ce, "Ni ne, oga."

"Wannan mai suna a tsakiya, ina yake?"

Ciyaman ya ce yana gida, tsoho ne, ko tsayuwar sallah da ƙyar.

"To yaya aka yi ya shiga takardar mutum uku?"

Duk bayanin Injiniya ya gudu daga kaina. Na ga hatimin a hannun ciyaman, na karɓa. Na ce, "Oga, ka ga wannan. In na rubuta suna a kan takarda, takarda ɗaya na ɓata. In na sassaƙa sunan a jikin hatimin, duk inda aka buga sai ya fito. Ni a jikin hatimin na rubuta, ina zaton takarda ce. Ba uku ba ne ma, arba'in ne. Ga sauran." Na ciro wadda na tsinto a shara, da jerin sunayen, da sababbin, na zube masa a tebur.

Ya ɗauki tsohuwa da sabuwa ya jera. Ya bi su da yatsa layi-layi, a hankali, ba ya gaggawa ko kaɗan. Ni ina kallon hanya, duk motar da ta ɓullo sai in ce ita ce. Ya kira su ɗaya-ɗaya ya gwada da katin shaidarsu. Ya shiga rumfa ya yi magana a rediyo, ya daɗe. Da ya fito sai ya tsaya a gabana.

"Ka iya karatu?"

"Kaɗan-kaɗan, oga."

"Kaɗan-kaɗan. Ka sa mutane a hanya da wuƙa a jaka da takardar da ba ka karanta ba." Ya juya wurin ciyaman. "Kai kuma ka sa hannu." Ya tattara tsofaffin ukun ya sa a aljihu, ya ce su kwashe kayansu.

Kasuwa ta riga ta tashi, ba maganar shanu. Muka juyo a motar ciyaman, mu biyar. Sai wajen shiga gari ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba dai ya yi yawo yau yana kwance a gida." Aka yi dariya kaɗan. Abokina bai yi ba. Da aka sauke shi a bakin layinsu ban samu ko kallo ba.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau, da muka koma yin kwafin, ban ga bambancin saurin ba. Na zuba ido, na ƙirga a zuci, ban gani ba. Duk nawar da nake kuka da ita ta komawa faifai ce, kuma wannan an riga an magance ta. A kan abin da bai kai ƙiftawar ido ba na zaɓi hanyar da ta kusa kai mutum uku inda ban san ranar fitowarsu ba. Injiniya ya ce akwai inda nunin kai tsaye ya fi, in abu ne da ba mai taɓa shi, kallo kawai za a yi. Amma duk abin da hannu zai shiga, musamman hannu irin nawa, a ba shi kwafinsa. Yanzu 'ya'yana suna turo mini takarda a waya su ce in gyara, sai na tambaya sau biyu ko tawa ce ni kaɗai ko kowa ita yake gani. Suna dariya, wai Baba ya cika tsoro. E, na cika.

Da gari ya waye ban buɗe shago ba. Na wuce mayanka, ciyaman ya sa wa sauran hannu, na raba sababbin takardu na karɓe tsofaffi, sannan na nufi teburin abokina. Ba ko tsoka a kai, ya wanke shi fes, yana zaune yana wasa wuƙa a dutse. Na yi sallama ya amsa ciki-ciki. Na zauna a ƙarshen bencin.

Wata mai abinci da ke sayen nama wurinsa kullum ta zo da roba, ta ce yau lafiya? Kafin ya yi magana na ce, "Hajiya, ba laifinsa ba ne, ni na hana shi sayo shanu." Ta dube ni ta tafi. Wani ya zo, na faɗa masa haka. Na uku, na huɗu. Yana ta wasa wuƙarsa bai ɗago ba.

A na bakwai ne ya ajiye dutsen.

"Kai, don Allah tashi ka je ka buɗe shagonka. Jiya ka hana ni shanu, yau kuma so kake ka kore mini masu saye."

Na miƙe. Na kai bakin rumfa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar Laraba za mu koma. Ka zo da tawa ka karanta mini ita a nan, da bakinka, har ƙasa."

Na ce to. Na wuce shagon Injiniya, na jawo kujera, na ajiye takardar a gabansa na ce ya fara koya mini ita daga layin farko.